Lasifikar da Ba Ta da Akwati: Ribarta, Tsadarta, da Abin da Mai Haɗa Ta a Gida Zai Tarar

Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai gyaran rediyo ya ga wannan abu. Mai gyara zai kwance lasifika daga akwatinta, ya ajiye ta tsirara a kan tebur, ya jona mata waya don ya ji ko tana da rai. Sauti zai fito, amma siriri, kamar na ƙaramar wayar hannu. Bes ɗin nan mai dukan ƙirji ya ɓace gaba ɗaya. Da zarar an mayar da ita mazauninta an ɗaure noti, sai kaurin ya dawo. Shi ya sa mafi yawan mutane suka ɗauka cewa lasifika da akwati abu ɗaya ne, ba a raba su.

Sai dai akwai masu haɗa lasifika a gida, a Turai da Amurka da Asiya, waɗanda da gangan suke jefar da akwatin. Allo guda kawai suke kafawa a tsaye, su huda shi, su ɗaura lasifikokin a jikinsa, bayansu a buɗe, ana ganin maganaɗisu da wayoyi. Da Turanci suna kiran wannan tsari open baffle, wato buɗaɗɗen allo, kuma suna kiran lasifikar dipole saboda fuska biyu take da su, tana magana gaba tana magana baya a lokaci guda. A ido aikin ya fi na akwati sauƙi nesa ba kusa ba, kafinta zai gama shi da yamma ɗaya. A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Aikin katako ne ya ragu, amma wahalar ba ta tafi ko'ina ba, ta koma wajen lissafi da wajen aljihu.

Inda bes ɗin yake tafiya

Takardar lasifika, wato wannan faifan mai siffar mazurari, aikinta tura iska. Idan ta yunƙura gaba sai ta matse iskar da ke gabanta, a daidai wannan lokacin kuma ta bar gurbi a bayanta. Iskar da aka matse ba ta da dalilin tafiya har kunnen mai sauraro idan ga gurbi nan kusa. Sai ta zagaya gefen lasifikar ta cike shi. Sautin gaba da na baya kishiyoyi ne, inda suka haɗu daidai sai su kashe juna.

Abin bai shafi kowane sauti daidai ba. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Bes mai kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, wato hatz 40, tsawon igiyarsa ya kai mita 8.6. A wajen igiya mai wannan tsawo, allo mai faɗin rabin mita ba komai ba ne, zagaye shi take yi kamar babu shi. Siririn sauti na hatz 10,000 kuwa, igiyarsa ba ta kai santimita 4 ba, don haka allon ya zame masa katanga. Wannan ne dalilin da ya sa lasifika tsirara take riƙe murya da ƙarar kuge amma ta zubar da ganga.

Akwati yana magance matsalar ta hanyar kulle sautin baya. Tun bayan da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana lasifika mai koyil da maganaɗisu a 1925, rediyoyin gida sun daɗe da buɗaɗɗen baya, kuma har yau yawancin amfilifayar jita haka take. Rufaffen ƙaramin akwati ya yi kasuwa ne bayan Edgar Villchur ya fito da AR-1 a 1954, ya nuna cewa ana iya samun bes mai zurfi daga abin da zai zauna a kan kanta. Daga nan akwati ya mamaye duniya. Duk da haka tsarin fuska biyu bai mutu ba. Gilbert Briggs na kamfanin Wharfedale a Ingila ya sayar da buɗaɗɗen allo wanda aka cika cikinsa da yashi don ya daina rawa, Peter Walker ya fito da Quad ESL a 1957, kuma kamfanin Magnepan da Jim Winey ya kafa a Minnesota a 1969 har yau faffaɗan lasifikoki marasa akwati yake yi.

Laifin akwati

Idan akwati yana aiki, me ya sa za a guje shi? Amsar da aka fi ji ita ce rabin ƙarfin da takardar ke fitarwa cikin akwatin yake shiga, kuma ba ya ɓacewa. Wani ya zama zafi a cikin soson da aka cusa, wani ya girgiza katakon, wani kuma ya daki bangon ciki ya dawo ya ratso takardar, wadda ba ta da kaurin tare shi. Wannan gaskiya ne, amma akwatin da aka yi da kyau, mai kauri da ƙarfafawa a ciki, yana rage matsalar sosai. Da wannan ne kaɗai dalili, da bai isa a sha wahalar buɗaɗɗen allo ba.

Dalilin da ya fi nauyi shi ne ɗaki. Mutumin da ke zaune a falo ba lasifika kaɗai yake ji ba, yana jin bango da rufi da daɓe suna maimaita abin da ta faɗa. Lasifikar akwati tana watsa bes ta kowace kusurwa daidai, kamar ƙwan fitila, amma yayin da sauti yake sirancewa sai ta riƙa tattara shi gaba kamar tocila. Sakamakon haka, amon da ke dawowa daga bango ba irin sautin da ya zo kai tsaye ba ne, ya fi shi kauri da duhu. A ɗakin bulo da siminti mai daɓen tayil, inda babu abin da ke shanye bes, wannan shi ne gurnanin nan da ke sa a ƙara murya amma a kasa jin abin da mawaƙi yake faɗa.

Lasifika mai fuska biyu tana watsa sauti a siffar lamba 8 idan an kalle ta daga sama: kumburi a gaba, kumburi a baya, a gefe kuwa kusan shiru, saboda nan ne gaba da baya suke haɗuwa su soke juna. Shirun ya shafi bangon dama da na hagu, ya kuma shafi saman lasifikar. Idan aka daidaita ta da lasifika mai watsawa ta ko'ina har ƙarfinsu ya zo ɗaya a kujerar mai sauraro, jimillar ƙarfin da take zubawa cikin ɗakin ya gaza na waccan da desibel 4.8, wato kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan. Kunne yana samun kiɗan da yawa, ɗakin yana samun kaɗan. Maƙwabcin da ke bayan bangon gefe ma yana samun sauƙi.

Injiniyan da ya mayar da abin lissafi

Ba za a yi maganar wannan fanni ba tare da ambaton Siegfried Linkwitz ba. An haife shi a Jamus a 1935, ya yi shekara 37 yana aiki da kamfanin Hewlett-Packard a Kalifoniya, inda sana'arsa ta kasance ƙera na'urorin auna igiyoyin rediyo. Lasifika abin sha'awarsa ne na bayan tashi daga aiki. Shi da abokin aikinsa Russ Riley ne suka samar da tsarin rarraba sauti tsakanin wufa da tiwita wanda ake kira Linkwitz-Riley, aka buga bayaninsa a 1976, kuma a yau da wuya a sami na'urar rarraba sauti ta zamani da ba ta da shi a jerin zaɓinta.

Mutumin da ya saba da eriya yana kallon lasifika da wani ido dabam: tambayarsa ta farko ita ce ina take aika abin da take fitarwa. A shekarun 1990 ya zana lasifikoki masu fuska biyu ga kamfanin Audio Artistry. Bayan ya yi ritaya sai ya koma wajen masu haɗawa da hannunsu, ya baje lissafinsa a intanet kyauta, yana sayar da zanen gini kawai. Orion ta fito a 2002, LX521 a 2012. Ya rasu a watan Satumba na 2018.

Abin lura a tafiyarsa shi ne allonsa ƙanƙancewa ya riƙa yi. A LX521 allon sama an yanke shi har ya kusa bin siffar lasifikokin da ke jikinsa, kuma an raba sautin gida huɗu: wufa biyu masu inci 10 a ƙasa, lasifika mai inci 8, wata mai inci 4, sannan tiwita biyu, ɗaya tana kallon gaba ɗaya tana kallon baya. Tiwita ta biyun tana da dalili. Yawancin tiwita rufaffen baya gare su, don haka idan ba a ƙara wata a baya ba, sautin da zai je bango ya dawo zai rasa siririn ɓangarensa. Burinsa shi ne siffar lamba 8 ta tsaya yadda take tun daga ganga har zuwa kuge, ta yadda amon ɗaki zai zama kwafin sautin asali, sai ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi.

Lissafin da ba a tsallakewa

Ma'auni ɗaya ne ke juya komai: ƙarin tazarar da sautin baya zai yi kafin ya zagayo gaba. Ga lasifikar da aka ɗaura a tsakiyar allo mai faɗin santimita 60, tazarar kusan santimita 30 ce. A inda wannan tazara ta yi daidai da rabin igiya, sautin baya yana isowa ne a lokacin da ya dace ya ƙarfafa na gaba, sai a sami tudu. Ga santimita 30, tudun yana wajen hatz 570. A ninkinsa, wajen hatz 1,140, sai su sake soke juna, a sami rami. Allo mai siffar da'ira da lasifika a cibiyarsa shi ne mafi muni, domin ta kowane gefe tazarar ɗaya ce, ramin sai ya yi zurfi. Shi ya sa ake yin allon doguwa, ko a kauce wa tsakiya.

Ƙasa da tudun kuwa gangare ne: duk lokacin da aka raba yawan kaɗawa biyu, desibel 6 ya tafi. Linkwitz ya ba da hanyar sanin inda buɗaɗɗen allo yake kunnen doki da rufaffen akwati: a ninka saurin sauti da 0.17, a raba da tazarar. Ga allon da ake misali da shi, amsar tana wajen hatz 194. A hatz 97 ya gaza akwati da desibel 6, a wajen hatz 48 da desibel 12. Cike gurbin desibel 12 yana nufin takardar ta tura iska ninki huɗu.

A nan ne wufa take mutuwa. Ko a cikin akwati, idan ana son ƙarfi ɗaya a rabin yawan kaɗawa, dole takardar ta yi tafiya ninki huɗu. A buɗaɗɗen allo ninki takwas ne. Wufar da ke motsa milimita 1 a hatz 80 za ta buƙaci milimita 8 a hatz 40, da milimita 64 a hatz 20, abin da babu wufar gida da za ta iya. Kuma babu iskar akwati da za ta riƙe ta kamar matashi. Wanda ya ɗaga bes a ikwalaiza bai sa matatar da za ta datse sautin da ke can ƙasa ba, fim ɗaya mai fashewar bam ya isa ya ji koyil yana dukan ƙarfe. Yawan wat ɗin amfilifaya ba ya maganin wannan. Faɗin takarda da nisan tafiyarta su ne magani, shi ya sa ake ganin manyan wufa biyu a kowane gefe.

Akwai dabarar ƙara tazara ba tare da allo ya cika ɗaki ba: a naɗe shi. Idan aka yi wa allon fukafukai gaba da baya, ya zama kamar harafin H idan an kalle shi daga sama, ko baya kaɗai kamar harafin U. Orion ta yi amfani da siffar H. Amma fukafukan suna haifar da ɗan rami mai amo irin na bututu, don haka ba a zurfafa su, kuma dole a tsayar da wufa tun kafin ta kai wannan amon. Fukafuki mai tsawon hannu ya riga ya zama akwati mara murfi, da dukkan laifin akwati.

Hanyoyi biyu

Hanyar Linkwitz ita ce siririn allo, lasifikoki masu tsada, da gyaran gangaren ta hanyar lantarki kafin sauti ya kai amfilifaya. Kowane rukunin lasifika da tashar amfilifayarsa. A da sai an haɗa allon lantarki na musamman, yanzu ƙaramar na'urar sarrafa sauti irin ta kamfanin miniDSP tana yin aikin, ana saita ta daga kwamfuta. Sakamakon yana da kyau ƙwarai, amma kuɗin amfilifaya mai tashoshi da yawa kan kai na lasifikokin kansu, ga kuma cin wuta ga wanda yake dogaro da inbata.

Hanya ta biyu ta masu ƙaramin ƙarfi ce, kuma ba abin rainawa ba ce. Ta dogara ne da wata lamba da ake rubutawa a takardar bayanin kowace wufa ta kirki, Qts, wadda ke nuna yadda maganaɗisu yake kame motsin takardar a daidai inda take son kaɗawa da kanta. Wufar da aka yi don akwati tana da Qts ƙasa, kamar 0.3 ko 0.4, domin akwatin zai ɗaga shi. Idan aka sa irinta a buɗaɗɗen allo ba gyara, gangarenta ya haɗu da na allon, bes ya tafi sau biyu. Wufa mai Qts sama da 1 kuwa tana yin ɗan tudu a ƙasa wanda ke cike wani ɓangare na asarar. Martin King, wani injiniya a Amurka da ya shahara wajen lissafin lasifika, ya yaɗa wannan hanya da Eminence Alpha 15A, wufa mai inci 15 da aka yi don makaɗa, mai Qts kusan 1.26, ya haɗa ta da ƙaramar lasifikar Fostex a allo ɗaya da amfilifaya ɗaya. Abin dariyar shi ne ƙaramin maganaɗisun da ke sa a raina wufa a kasuwa shi ne abin da ake nema a nan. Manyan wufa masu inci 15 na masu kiɗan biki da ake samu a kasuwannin kayan lantarki irin na Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas na iya dacewa, matuƙar an san lambarsu. Wadda ba ta zo da takardar bayani ba sai an auna ta.

Auna kuwa ya yi araha yanzu. Manhajar REW kyauta ce, kuma da makirufon awo guda mai shiga kwamfuta mutum zai ga tudun da ramin da idonsa. Manhajar VituixCAD, ita ma kyauta, tana nuna abin da siffar allo za ta haifar tun kafin a taɓa zarto. Wanda ya ce zai saita irin wannan lasifika da kunne kaɗai zai ɓata watanni yana sauya kayan da ba su da laifi.

Wanda bai kamata ya fara ba

Lasifikar tana buƙatar fili a bayanta. Shawarar Linkwitz ita ce aƙalla mita ɗaya daga bango, domin sautin baya ya yi tafiyar mita biyu zuwa da dawowa, ya makara da kusan kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa, lokacin da kunne zai iya raba shi da na farko. Idan aka manna ta da bango, amon yana dawowa da wuri ya cakuɗe da sautin gaba, ribar duk ta zube. A ɗaki mai ƙafa 12 a kan 12 da gado da sif, wannan mita ɗayan ba ya samuwa. Don irin waɗannan ɗakuna ne ya fitar da LXmini a 2014, wadda jikinta bututun roba ne irin na ruwa, wufa tana rufe a bakinsa tana kallon sama, ƙaramar lasifikar da ke kanta ce kawai a buɗe.

Haka nan ba lasifikar taro ba ce. A tsakar gida ko filin biki, inda babu bangon da ake gudun amonsa, asara kawai ta rage, akwati ya fi ta ta kowace fuska. Mai son bes ɗin da ke girgiza taga ma ba zai gamsu ba, domin abin da take matsewa a gaba tana sakinsa a baya, ba ta iya cika ɗaki da matsi. Wasu kan tsayar da ita a wajen hatz 40 ko 50, su bar wa rufaffiyar wufa abin da ke ƙasa.

Buɗaɗɗen baya yana tona asirin wufa. Duk wani huci da iska ke yi a ramin maganaɗisu, ko ƙarar wayar koyil tana taɓa takarda, wanda akwati yake ɓoyewa, yanzu a fili yake. Kafin a saya, a riƙe ta a hannu, a ba ta sautin hatz 20 har takardar ta yi tafiya sosai, a saurari abin da ke fita bayan motsin iska. Allon ma yana rawa, saboda duk turin da takardar ta yi gaba, jikin wufar yana yin irinsa baya. Filawud mai kauri da aka manna biyu ya fi falle ɗaya, gindi ya yi nauyi, kuma raba firam ɗin wufa da allon sama, kamar yadda aka yi a LX521, yana hana girgizar isa ga ƙananan lasifikokin. A wurin da hunturu ke shigo da ƙura ta kowace kafa, yadi mai shara-shara a bayan lasifikar ba ado ba ne, kuma yana tare yatsun yara.

Gwajin farko ba ya buƙatar sayen komai. Tsohuwar lasifika mai inci 6 ko 8, guntun filawud ko kwali mai kauri mai faɗin santimita 60, a huda shi a ɗan kauce wa tsakiya, a kafa shi a kan kujera mita ɗaya daga bango, a sa muryar mai karanta labarai da sauti kaɗan. Daga nan sai a zagaya shi a hankali. A gaba murya tana nan, a daidai gefen allon sai ta dusashe kamar an rage ta, a baya kuma ta dawo. Idan aka ƙara wa allon fukafukan kwali a gefe biyu, kaurin muryar zai ƙaru nan take, idan kuma aka tsawaita su fiye da kima za a ji ta fara fita kamar daga cikin tulu.